Ya ake ajiye maramiya, kuma me ake dafawa da ita ban da shayi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Surukata ta dawo daga Umara ta kawo min tsarabar busasshiyar maramiya cike da leda, ganyen nan mai launin toka-toka da gashi-gashi a jiki, wanda ake kira sage da Turanci. Shayi kaɗai na san ana sa ta, gashi mu biyu ne masu shan shayi a gidan. Damina ta kankama a Kaduna, kicin ɗina kuwa ko gishiri sai ya yi lema. Ina tsoron ta yi funfuna kafin mu sha rabi. Don Allah ya zan ajiye ta? Kuma zan iya sa ta a farfesu yadda nake sa daddoya?

Ummu Sadik, Irbid:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, yau ɗin nan ki fitar da ita daga ledar, domin leda gumi take tarawa. Ki baza ta a tire cikin ɗaki inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, don rana na kwashe ƙamshin. In kin matsa ganye ya karye ƙas, ta bushe. Sai ki zuba a kwalba mai murfi mai kamawa, ki sa a kabad nesa da murhu. Kada ki daka ta duka. Ganye gudansa yakan kai shekara da ƙamshinsa, garin kuwa da wuya ya wuce wata 6. Wanda za ki yi amfani da shi kawai za ki murtsuke a tafin hannu.

A nan Jodan, haka ma Falasɗinu, ba a barin ta tana ta tafasa. A dafa baƙin shayi da sukari, a sauke, a jefa ganye 3 ko 4, a rufe minti 5. In ta daɗe a wuta ɗaci take yi.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe: in kina da juna biyu ko kina goyo, ki bar shan shayinta. Tun da daɗewa mata ke shan ta lokacin yaye don nono ya ragu.

Anti Bilki, Biresha (Italiya):
'Yata, kada ki kwatanta ta da daddoya. Daddoya a ƙarshen girki ake watsa ta da yawa, ita kuwa maramiya kaɗan ake sawa tun da wuri, kuma abin da take so shi ne maiƙo. Mutanen Italiya ɗanyar suka fi amfani da ita: a narka bota, a jefa ganye kamar 8 har su yi ƙus-ƙus, a juye a kan taliya. Suna sa ta a soyen hanta, a yankin Toskana kuma a farin wake da tumatir da tafarnuwa. Waken nan na gwada shi da namu farin wake, ya yi daɗi ƙwarai.

Taki busasshiya ce, ta fi ɗanya ƙarfi. Inda za a sa babban cokali na ɗanya, ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Ki murtsuke ta da gishiri da tafarnuwa da ɗan mai, ki shafe kaza ko naman rago kafin gashi. Tana shiga da kabewa ma. Farfesu dai ban ba ki shawara ba, citta da kanumfari da masoro sun riga sun cika tukunyar, sai dai ta ƙara masa ɗaci.

In wata rana kin samu ɗanya, kada ki wanke sai za ki dafa. Ki naɗe ta a tishu ki sa a firiji, takan yi kwana 4 zuwa 5.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ummu Sadik, wata biyar ke nan da na haihu, don haka shayin na bar wa maigida. Anti, ɗan wanda za a shafa wa kaza fa, shi ma in kauce masa?

Ummu Sadik, Irbid:
Wancan ɗan kaɗan ne, ba ɗaya yake da shan shayinta kofi-kofi kullum ba. Amma ki tambayi nas ranar da za ki kai yarinya rigakafi.