Neman kalma: me za mu kira "process safety" da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu kishin harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na kawo ta gabanku.

Ni injiniya ne, na yi shekaru ina aikin mai da gas a Kudu kafin na dawo gida Katsina. An nemi in yi wa wasu matasa masu ɗura gas da masu aikin gidajen mai bita ranar Asabar mai zuwa, kuma da Hausa ake so. Da na zauna shirya abin da zan faɗa, tun a kan take na cije. Abin da Turawa ke kira process safety ban san sunansa da harshenmu ba, alhali shi ne gundarin maganar.

Bari in faɗi abin da ake nufi, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. A wurin aikin mai akwai haɗari iri biyu. Akwai wanda ke samun mutum ɗaya: ya zame daga tsani, ƙarfe ya faɗo masa a ka, inji ya datse masa yatsa. Maganin wannan shi ne hular kwano da takalmi da safar hannu da lura. Akwai kuma wanda ke tasowa daga abin da ake sarrafawa shi kansa: ɗanyen mai da fetur da gas da ke cikin bututu da tanki, da zafinsu da matsinsu. Muddin suna killace a inda aka tanadar musu, lafiya lau. Ranar da suka kuɓuce suka haɗu da tartsatsi, ba mutum ɗaya suke ɗauka ba, unguwa suke ɗauka. Ilimin hana su kuɓucewa, tun daga zanen wurin har zuwa yadda mai aikin rana ke miƙa wa na dare aiki, shi nake nema wa suna.

Abin da ya sa na damu, makon jiya na je ɗura gas a wani shago cikin gari. Yaron da ke aikin ya burge ni: ga hula, ga takalmi mai hancin ƙarfe, ga riga mai ƙyalli. Amma tiyon da yake ɗurawa da shi ya tsage kusa da baki, an naɗe wurin da robar tayar keke. Kana jin sautin iskar tana fita siii, kana jin warinta. Taku kaɗan daga ƙofar, mai shayi ya hura wutarsa. Na ce masa, "Ƙanena, ba ka jin yoyon nan?" Ya duba ƙafarsa ya ce, "Yallaɓai, ai muna da sefti." Har na iso gida maganar nan tana yi mini yawo a kai. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da aka koya masa da sunan sefti yana jikinsa. Ɗaya abin, wanda zai iya tashin shagon da mai shayin da masu wucewa, ba a taɓa ba shi sunansa ba, balle ya san alhakinsa ne.

Akwai kuma tambaya ta biyu: me za mu kira karatun da ma'aikaci ke ci gaba da yi bayan ya kama aiki? To, ga fili ga mai doki. Me kuka gani?

*

Na gode da amsoshin da suka shigo tun daga Azahar. Bari in bi su.

Da yawa kun ce a bar shi "sefti" kawai, tunda kalmar ta riga ta zauna a bakin mutane. Ba na ƙin aron kalma. Muna cewa bawul, muna cewa geji, muna cewa tanka, ba wanda ya ce mun yi laifi. Amma sefti ta riga ta yi aure a Hausa, kuma mijinta shi ne takalmi da hula da mutumin nan mai riga mai ƙyalli da ke tsayawa a bakin ƙofa. In na sake ɗora mata wannan nauyin, na mayar da matasan nan cikin ruɗanin da nake so in fitar da su.

Kuma ruɗanin nan ba na yaran shago kaɗai ba ne, manyan kamfanonin duniya ya ci. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar kamfanin mai na BP da ke Texas City a Amurka, an cika wata hasumiyar tace mai har ta yi ambaliya, ma'aunin da ke nuna cikarta yana ba masu aiki labarin da ba shi ba ne. Man ya yi tsiri sama, tururinsa ya kama wuta, mutum 15 suka mutu, wajen 180 suka jikkata. Kwamitin binciken da James Baker, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ya jagoranta ya fitar da rahoto a 2007, ya nuna kamfanin yana kallon raguwar ƙananan raunukan ma'aikata yana ɗauka komai na tafiya daidai. Shekara biyar bayan gobarar, ranar 20 ga Afrilu 2010, manyan jami'ai suna kan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a mashigin tekun Meziko, cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata a kan shekara bakwai ba a sami raunin da ya hana wani zuwa aiki ba. A daren nan rijiyar ta ƙwace, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala cikin teku. Don haka ne nake so abubuwan nan biyu kowanne ya sami sunansa daban a Hausa tun yanzu.

Ɗan uwan da ya kawo "tsaron aiki", na gode, amma ka san garin da muke. Yau in ka ce tsaro a Katsina, ba wanda zai tuna bututu. Hankalin kowa zai tafi Jibiya da Batsari da Safana, da 'yan bindiga da jami'ai. Wannan kalmar tana ɗauke da ciwon da ya ishe ta.

"Lafiyar aiki" kuma ta fi karkata asibiti.

*

Malam, na ga dogon bayaninka daga Daura, Allah ya ƙara sani. Ka ce mu bi sawun da aka riga aka taka: tunda kowa ya san Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ce "kiyaye haɗurran sarrafawa". Gaskiya wannan ya tsayar da ni, na daɗe ina juya shi. Rabinsa na biyu na karɓa hannu biyu. "Sarrafawa" ta dace fiye da yadda na zata, domin tana da fuska biyu kuma duka muna buƙatarsu. Muna cewa ana sarrafa gyaɗa a fitar da mai da ƙuli, wato juya abu ya zama wani abu, aikin matata ke nan. Muna kuma cewa mahayi yana sarrafa doki, wato yana riƙe da linzami, dokin ba ya zuwa inda ya ga dama. Gas mai matsi a cikin tanki doki ne mai ƙarfi. Kalma ɗaya ta kama juyawar ta kama riƙon.

Inda nake da ja, Malam, shi ne rabin farko. "Kiyaye haɗurra" a kunnen mai saurare mota ce da titi. Sannan kalma uku ce masu nauyi, ba na jin yaron shago zai faɗe su sau biyu a rana. Abin da ba ya faɗuwa da sauƙi kuwa ba ya zama.

Ga abin da ya faɗo mini bayan na karanta naka: "amincin sarrafawa".

Na san abin da za a ce, wata Hajiya cikin masu amsa mini ma ta riga ta faɗa: aminci kalmar gaisuwa ce da addu'a da zaman lafiya, kada a kai ta cikin ƙarafa. Hajiya, ki shiga kasuwa ki saurara. Mai sayar da bokiti zai ce miki wannan ya fi aminci. Mai haƙar rijiya ba zai sauka da igiyar da ba ta da aminci ba. Magini yana ƙwanƙwasa azara ya ce tana da aminci. A bakin masu sana'a, aminci shi ne abu ya kasance an yarda da shi, zai ɗauki nauyin da aka ɗora masa bai ba da kunya ba. Haka ma mutum: amintacce shi ne wanda in an ba shi amana zai riƙe. Wannan fannin kuwa a kan abubuwan nan biyu ya tsaya, ƙarfe mai aminci da mutum mai aminci.

Bari in nuna da abin da duk wanda ya karanci fannin nan aka fara koya masa. Piper Alpha dandamalin haƙar mai ne a tekun da ke arewa maso gabashin Sikotilan. Ranar 6 ga Yuli 1988, masu aikin rana suka cire bawul ɗin rage matsi na wani famfo don a duba shi, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi, ba a ɗaure shi tamau ba. Aikin bai ƙare ba har lokacin tashi. An rubuta takardar izinin aiki da ke cewa kada a kunna famfon, amma maganar ba ta isa kunnen masu aikin dare ba. Can da dare, sai famfo na biyu da ke aiki ya tsaya. Suka duba, ba su ga abin da zai hana ba, suka kunna wanda aka cire wa bawul. Gas ya fita ta gefen faifan, ya kama. Dandamalan da ke maƙwabtaka suka ci gaba da turo mai da gas ta bututun da ya haɗa su, suna ƙara wa wutar abinci. Mutum 167 suka mutu. Binciken da alƙali Lord Cullen ya jagoranta ya fito a 1990 da shawarwari 106.

Ku duba, kowa a wurin nan yana da hula da takalmi. Abin da ya rasa aminci shi ne faifan da ba a ɗaure ba, da takardar da ba ta isa ba, da miƙa aikin da aka yi a gurguje, da tsarin da bai ba maƙwabta ƙarfin gwiwar rufe bututu nan take ba. Mu mutanen Katsina mun san ganuwa. Ba tsayinta kaɗai ke tsare gari ba, sai kowace ƙofa tana da mai kula da ita, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Sauri. A ranar Piper Alpha ƙofofin ne suka kasance a buɗe a jere.

Saboda haka nake ganin mu raba su haka: wancan na hula da takalmi mu ce "kariyar ma'aikaci", wannan kuma "amincin sarrafawa".

*

Bayan Isha'i. Malam ya amince, da sharaɗin duk inda aka fara ambatar kalmar a biyo ta da jimla ɗaya ta bayani har kunne ya saba. Na karɓi sharaɗin. Hajiya ta ce har yanzu ta fi son "rigakafi", kuma ina ganin hujjarta, sai dai rigakafi a wurinmu allura ce. Zan riƙa amfani da ita a cikin bayani, ba a take ba.

Wani ɗalibin kimiyya daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya tambaya ko duk wannan wahalar ta shafe mu, tunda rijiyoyin suna Neja Delta. Ƙanena, ta shafe mu. Matatar Kaduna tun 1980 take. Matatar Zinder tana nan tsallaken iyaka tun 2011. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano. A Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Tukunyar gas ta shiga ɗakin girkin gidajen da da itace kawai suka sani. Kuma ba mu manta Majiya a Jigawa ba, Oktoba 2024, inda tankar fetur ta kife, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da yawa daga waɗanda ke tsaye kusa da man nan kullum, direbobi da yaran mota da masu walda da masu ɗurawa, da Hausa suke tunani. In ilimin ya tsaya a Turanci, ya tsaya a ofis.

Saura ɗaya kalmar da na haɗa a tambayata ta biyu, wato karatun da ma'aikaci ke ci gaba da yi bayan ya kama aiki. An kawo "ƙaro ilimi", an kawo "horaswa", an kawo "ƙara wa juna sani". Na farko yana nuna an bar aiki an koma makaranta, na biyu na sabon shiga ne, na uku taro ne na yini ɗaya. Ni "sabunta ƙwarewa" ta fi kwanta mini, domin wanda ake nufi ya riga ya ƙware, tsufa ne ƙwarewar ke yi. Na ga ma'aikacin da ya shekara ashirin a kan inji ɗaya, aka canja masa na'urar auna matsi, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda sabuwar ke karatu. Satifiket ɗinsa yana nan a bango. In ba mai ja, a nan zan tsaya.

Kyautar da ban nema ba kuma ta zo daga wani dattijo, tsohon direban tanka, wanda ɗansa ya karanta masa zancen nan. Akwai abin da muke rubutawa a wurin aiki in haɗari ya taso ya wuce bai taɓa kowa ba, don a bincika kafin ya dawo da gaske. Ban ma tambayi sunan wannan abin da Hausa ba. Baba ya aiko a ce mini, "Wanga ai mu 'saura ƙiris' muke ce mashi." Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ranar Asabar zan ba kowane yaro ƙaramin littafi, a bangonsa an rubuta "Littafin Saura Ƙiris", kuma abin da za mu fara rubutawa a ciki shi ne tiyon nan da aka naɗe da robar taya.