Wane gidan tarihi ne a Alƙahira ake ganin gawar Fir'auna?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum. In Allah ya yarda, a watan gobe zan raka mahaifina Alƙahira domin a yi masa aikin ido, kuma an shaida mana cewa za mu sami kwana biyu babu abin da za mu yi kafin ranar aikin. Tsohon ya daɗe yana cewa matuƙar Allah ya kai shi Masar, ba zai dawo ba sai ya ga gawar Fir'aunan da aka ambata a Suratu Yunus. Wasu sun ce mini tana gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, wasu kuma sun ce an kwashe komai an kai sabon gidan da aka gina kusa da dalar Giza. Wanne ne gaskiya? Shekarunsa sun haura saba'in, kuma gwiwa ba ta barinsa doguwar tafiya.

Ɗalibi a Azhar:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Duka waɗanda suka ba ka labari sun yi kuskure, ɗan'uwa, domin gawarwakin sarakunan suna gida na uku, wato gidan tarihin wayewar Masar da ke unguwar Fusɗaɗ, a bakin tafkin Ainus Sira. A Tahrir suke a da, sai ranar 3 ga Afrilun 2021 aka yi gagarumin biki aka kwashe guda 22, sarakuna maza 18 da mata 4, aka kai su can. Yawancinsu suna wani zaure a ƙarƙashin ginin, mai duhu-duhu da sanyi, kowace gawa a cikin akwatin gilashi da sunanta a gefe, kuma ba a yarda a ɗauki hoto a ciki ba. Wurin ba shi da girma sosai, don haka Baba zai iya zagaya shi a hankali cikin sa'a ɗaya ko biyu. Idan kun fito, masallacin Amru ɗan Asi, wanda shi ne masallaci na farko da aka gina a Masar, ba shi da nisa daga nan. Ku tsaya ku yi azahar a ciki.

Malamar Tarihi:

Malam Ɗan Funtuwa, ka shirya wa Baba zuciyarsa tun daga gida, domin babu akwatin da aka rubuta wa "Fir'aunan Annabi Musa". Fir'auna sarauta ce, kamar yadda muke cewa sarki, kuma waɗanda suka riƙe ta suna da yawa ƙwarai. Alƙur'ani bai faɗi sunan wanda ya nitse ba, masana kuma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba, sai dai an fi ambaton Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki kimanin shekara 66, da ɗansa Marnabtah da ya gaje shi. Dukansu biyu suna cikin wannan zaure. Lokacin da na tsaya a kan Ramsis, abin da ya fi kama ni shi ne gashin kansa, wanda yake nan ja-ja a gefen kunne, da dogon hancinsa mai lanƙwasa, da faratansa. Mutumin da ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, amma kana iya cewa ga kamanninsa. Fuskar mahaifinsa, Seti na Ɗaya, ta ma fi tasa kyan gani, kamar wanda barci ya ɗauke.

Na san Baba zai tambayi yadda aka yi ba su ruɓe ba. Da kanwa suka yi aikin, irin wadda muke jefawa a tukunya, suna haƙo ta a kwarin da har yau ake kira Wadin Naɗrun. Sukan zare ƙwaƙwalwa ta hanci, su cire hanji da hanta da huhu da tumbi su zuba a tuluna huɗu, su bar zuciya a ƙirji, sannan su binne jikin a cikin kanwa na kimanin kwana 40 har ya bushe, kafin a naɗe shi da ƙyallen lilin. Aikin gaba ɗaya yakan ci kwana 70.

A rana ta biyu, ina ganin ku je sabon gidan na Giza, wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamban 2025. Can ne aka tara kayan kabarin sarki Tutankamun fiye da 5,000, waɗanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a 1922, har da abin rufe fuskarsa na zinariya mai nauyin kusan kilo 10. Gawarsa kuwa tana kabarinsa a Luksor, can kudancin Masar.

Tsohon Ma'aikaci:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ban goyi bayan shawararta ta ƙarshe ba. Na je sabon gidan, kuma tun daga wurin da mota ta sauke mu zuwa gindin mutum-mutumin Ramsis mai tsawon mita 11 da ke tsaye a farfajiya, na ji a jikina, alhali ban kai Baba shekaru ba. Gini ne da aka yi wa masu ƙafa. Tsohon gidan na Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, yana tsakiyar gari, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sadat tana bakinsa, kuma tun da jama'a suka karkata Giza cunkosonsa ya ragu. Ba a kwashe shi kaf ba. A bene na ƙasa akwai wani mutum-mutumin itace na wani babban ma'aikaci mai tumbi da sanda a hannu, wanda leburorin da suka tono shi suka ga ya yi kama da mai garinsu, suka sa masa Shaihul Balad, sunan kuma ya bi shi har yau. Idanunsa na dutse ne da tagulla, in ka matsa kusa sai ka ga kamar zai ƙifta. Akwai kuma ɗan siffar Kufu, wanda ya gina babbar dala, da aka sassaƙa da hauren giwa, bai wuce tsawon yatsa ba. A sama akwai akwatin gawar sarki Susannis na azurfa zalla, daga cikin dukiyar da aka tono a tsohon birnin Tanis. Idan Baba yana son ganin dala, ku ɗauki tasi da la'asar ya kalle ta daga cikin mota.

Ɗan Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan sallar isha'i. Ya ce Fusɗaɗ za mu fara zuwa, kuma tun da ba a san wanne ne a cikin biyun ba, zai tsaya a kan kowannensu ya karanta ayar. Maganar kanwa kuwa bai yarda ba tukuna, ya ce sai ya tambayi masu gadin wurin da bakinsa.