Hoton 'yan ajin ƙarshe: yaya ake neman gyara, yaya ake bayar da shi?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum masana. Tambayata a kan hotunan da ake yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Amurka ce, wato 'yan aji 12, inda ake kai guda ɗaya kundin shekara na makaranta, sauran kuma iyaye su wanke su rataye. Ga misali: yarinya zaune kan ciyawa a gindin bishiya, ƙarfe ɗayan rana, lens (gilashin kyamara) 85mm, f/1.8 (faɗin ƙofar shigar haske, ƙaramar lamba na nufin ƙofa a buɗe sosai), shata 1/80 (ƙofar ta buɗe na kashi ɗaya cikin 80 na daƙiƙa), ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara), babu filasha. Duk wanda ya gani sai ya ce ya yi kyau, amma uwar yarinyar ta tsallake shi wajen zaɓe. Me ke damun irin wannan hoto? Kuma yaya mutum zai nemi gyara, wato a nuna masa kurakuran hotonsa, har a ba shi abin da zai yi aiki da shi?

Mai Lens:
Wa alaikumus salam. Lambobin da ka kawo sun riga sun tona asirin hoton. Lens 85mm a f/1.8, kan kyamara mai cikakken sensa (farantin da ke kama hoto a cikinta, mai cikakken girma), daga nisan mita 2, abin da zai fito tas bai wuce santimita 6 ba. Da ta ɗan juya kai, ido na kusa ya fito, na nesa ya yi dishi-dishi. Idan kuma fokas ya sauka kan gira ko hanci, duka biyun sun tafi. Rufe zuwa f/2.8 ko f/4. A f/4 za ka samu wajen santimita 13, abin da ke bayanta kuma zai narke in dai bishiyar na nesa da ita. Shata 1/80 ya yi sanyi ga 85mm a hannu, balle ga yarinyar da ke dariya tana motsi. Kai shi 1/250, ka ɗaga ISO zuwa 400, ba abin da zai lalace.

Sai dai ina zargin haske ne ya kori uwar. Ƙarfe ɗaya rana na tsaka, hasken na ratsa ganye ya zuba wa fuska dabbare-dabbare: fari a goshi, duhu a ramin ido. Ga ciyawa kuma tana mayar da kore ƙarƙashin haɓa da wuya, fatar ta yi kamar ta marar lafiya. Uwa ba za ta iya faɗa maka dalili ba, cewa kawai za ta yi "ba ta yi kama da ita ba". Fitar da ita bakin inuwa ta fuskanci sarari, a riƙe farin faifan mayar da haske daidai ƙirjinta ya tare koren, ya sa ɗigon haske cikin ido. Ko kuma a jira awa ɗaya kafin faɗuwar rana, a bar rana a bayanta.

Tsohon Hannu:
Malam Mai Lens ya gama da hoton, bari in taɓa rabin tambayar na biyu. Wanda ya zuba hotuna 30 ya ce "me kuka gani?" yabo ya roƙa, yabo zai samu. Kawo 3, iyaka 5. Rubuta lens da f da shata da ISO da lokacin ɗauka, ka faɗi inda hoton zai je, domin na kundin makaranta da na bangon falo ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. Sannan ka yi tambaya ɗaya tak mai kan gado, kamar "inuwar hanci ta yi tsawo?" Idan an amsa, kada ka hau kare kai da cewa ai rana ce ta yi zafi ko lokaci ne ya ƙure. Mai kallon hoto a bango ba ya ganin uzuri. Abin da mutum ɗaya ya faɗa yana iya zama son ransa. In uku suka nuna wuri ɗaya, koma ka duba.

Mai gyara kuma ya nuna wuri, ya faɗi sanadi, ya ba da magani. "Hannun bai yi ba" ba gyara ba ne. "An yanke hoton daidai wuyan hannu, sai ya yi kamar dungu, a yanke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ko a shigo da yatsu duka", wannan shi ne gyara. A fara da abin da ba ya gyaruwa a kwamfuta, wato fokas, haske da tsayuwa. Ɓata lokaci ne a yi ta musun kala a kan hoton da idonsa bai fito ba. Kuma a raba kuskure da ɗanɗano: fokas a kan kunne kuskure ne, son kala mai ɗumi ra'ayi ne, sai a faɗe shi a matsayin ra'ayi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, matuƙar kayan aka nuna.

Mai Tace Hoto:
Akwai abin da ake yawan mantawa. Waɗannan yara 'yan shekara 17 zuwa 18 ne. Wanda bai cika 18 ba, sai iyaye sun sa hannu a takardar izini kafin a nuna hotonsa a waje, ko da don neman gyara ne. A cire sunan makaranta idan ya fito a riga. Maganar gyara kuma ta tsaya kan mai kyamara. Ba a cewa "fuskarta ta yi faɗi", sai dai "an ɗauka da 35mm daga kusa, shi ya kumbura fuskar, a ja baya a yi da 85mm".

Wajen tacewa, abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu a goge shi: ƙuraje, ƙarce, gashin da iska ta jefo kan ido. Tabo da tawadar Allah a bar su, sai in mai su ya ce a cire. Idan fata ta koma kamar roba, ba a ganin ramukan gashi ko an zuƙo hoton ɗari bisa ɗari, an wuce gona da iri. Ko a ma'aunin Malam Tsohon Hannu, wannan ba ɗanɗano ba ne, kuskure ne, don hoton ya daina zama na mai shi.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: an ce hoton ya matse da aka zo wankewa, alhali a allo lafiya lau yake.

Mai Lens:
Lissafi ne. Yawancin kyamarori na ɗauka a 3:2, wato inci 8 da 12, iyaye kuwa 8 da 10 suka fi nema. Inci 2 za su tafi daga tsawo, kashi ɗaya cikin shida ke nan, ko dai saman kai ko yatsu. Bar fili sama da ƙasa tun wajen ɗauka. Na kundin makaranta kuma ka nemi takardar sharuɗɗansu kafin ranar aiki: galibi a tsaye suke so, kai da kafaɗa, wasu ba sa karɓar hula ko hannu a fuska, kuma da yawa suna rufe karɓa tun farkon zangon karatu, wajen Oktoba.