Injin da ba kwamfuta ke tafiyar da shi ba: wane suna za mu ba shi?

Salamu alaikum direbobi, kanikawa da duk mai kishin harshen nan. Akwai kalmar da muka daɗe muna kewaye-kewaye a kanta, kuma rashinta yana sa mutane su sayi abin da ba shi suka fito nema ba.

Mutum yana son tsohuwar a-kori-kura mai ja da taya huɗu, wadda injinta ba ruwansa da kwamfuta. Bature yana da kalmarsa, mekanikal. Mu kuwa sai mu ce wa dillali "manuwal nake so". Abin da dillali ya ji shi ne giyar hannu mai kuloci. Sai ya kawo mai giyar hannun kuwa, amma a buɗe bonet a tarar da soket a kan kowace nozul mai fesa mai cikin silinda, ga kwamfuta a ɓoye bayan dashbod. Dillali bai yi ƙarya ba. Mu ne muka ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, alhali akwatin giya daban, yadda inji ke shan mai daban. Hilux ta 2005 zuwa sama mai injin D-4D ana samunta da giyar hannu, amma kwamfuta ce ke auna mata kowane ɗigon gas.

Sauran sunayen motar ba su da rigima. A-kori-kura tamu ce tun tuni. Ja da taya huɗu kuma direbobi sun riga sun ce ogzilari, kowa ya gane. Injin ne kaɗai ya rage.

Bari mu dubi abin da kansa tukuna. A irin wannan injin gas, famfon mai yana samun juyi ne daga injin, ta haƙoran giya ko ta bel. Ka taka totur, kebul ya ja wani ɗan hannu a jikin famfon, famfon ya ƙara man da yake turawa. A cikinsa akwai abin da kanikawa ke kira gwamna, wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan juyi ya yi sauri, su rage mai don kada injin ya zarce. Daga famfon bututun ƙarfe ke fita, ɗaya ga kowace silinda. Ita kuma nozul ba mai ba ta umarni. Matsin man ne ke rinjayar sifirin ɗin cikinta ta buɗe ta fesa, matsi ya sauka ta rufe. Galibi wayar lantarki guda ce take da muhimmanci a jikin famfon, ta ɗan makunnin da ke buɗe hanyar mai idan ka murɗa makulli, ya toshe ta idan ka kashe. Da zarar injin ya tashi, abin da yake nema ke nan: mai mai tsabta, iska, da 'yar wutar da za ta riƙe wannan makunni.

To ga sunayen da mutane suka kawo shawarar a ba wannan injin.

"Injin gargajiya" ya fi kowanne yawan magoya baya, kuma yana da daɗin faɗa. Amma gargajiya tana nuna abin da aka gada ne, ba yadda abu ke aiki ba. Nan da shekara ashirin injin D-4D ma zai zama na gargajiya a idon yaran lokacin, mu dawo inda muka fara. "Tsohon yayi" ma wannan ce matsalarsa, ga kuma raini a ciki. Toyota ta fito da injin 1HZ a 1990, kuma ta ci gaba da sa shi a sababbin Land Cruiser jerin 70 shekaru da dama bayan kwamfuta ta mamaye kasuwa, saboda masu aiki a daji da wuraren haƙar ma'adinai shi suke nema.

"Marar lantarki" ba gaskiya ba ne. Motar tana da batir, da kik, da fitilu, da fulogin ɗumama silinda na safiya. Ga shi kuma yanzu da aka ce lantarki hankalin mutane kan motocin caji yake tafiya.

"Marar ƙwaƙwalwa" ya fito ne daga yadda kanikawa ke kiran kwamfutar mota ƙwaƙwalwa. Ma'anar ta dace. Sai dai a bakin Bahaushe wannan zagi ne, kuma babu mai tallar motarsa da shi.

"Ƙarfe zalla" na so shi ƙwarai, don ya kama wani abu na gaskiya: ƙarfe ke tura ƙarfe tun daga ƙafar direba har zuwa bakin nozul. Amma wani dattijon bakanike ya ce, "Ɗana, wane inji ne ba na ƙarfe ba?" Kuma haka ne. Mai saye zai ɗauka ana maganar kaurin bodi ne.

"Marar kwamfuta" shi ne mafi kusa, ba na musu. A rubutu irin na hukuma ko na makaranta ya wadatar. Abin da ya rage masa shi ne yana faɗar abin da injin ba shi da shi, ba ya faɗar abin da ya sa mutum ke nemansa.

Ni nawa zaɓin shi ne injin sifana, kishiyarsa kuma injin kwamfuta.

Dalilina: wanda ke neman irin wannan mota ba tsufa yake nema ba. Yana neman motar da idan ta tsaya masa inda babu gareji, kayan da ke cikin akwatinsa za su iya tayar da ita. Gas ya ƙare, iska ta shiga layi? Ka danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, ka sassauta notin bututu a bakin nozul, wani ya murɗa kik, kumfa ta fita, mai ya fara tsartuwa, ka ɗaure. Ta ƙi tashi ko alama? Ka duba ko wuta tana isa makunnin nan, ka kasa kunne ka ji ƙas ɗinsa idan an murɗa makulli. A injin kwamfuta kuwa sansa guda ta lalace sai fitila ta kama, mota ta rage ƙarfi ko ta mutu, kuma ba ka san wacce ba sai an jona na'ura ta karanto lambar ciwon. Kada ma mutum ya yi gangancin sassauta bututu a irinsa yana aiki. Tsarin da duk nozul ke sha daga bututu guda, wanda ya shigo ƙananan motoci a 1997, ya fara ne da matsin bar 1,350 (bar ma'aunin matsi ne), na yau sun haura 2,000. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata. Sunan da ke nuna makamin gyara ya raba su biyun daidai inda mai saye ke buƙatar a raba su.

Wanda zai ce ai famfon kansa ba a gyara shi da sifana, ya yi gaskiya. Idan ya ci, sai an kai wa masu teburin gwaji su saita shi, haka ma nozul. Amma wannan aiki ne na bayan dogon zango, kuma injin yakan daɗe yana gargaɗi da hayaƙi da wuyar tashi kafin ya kwanta. Sunan yana magana ne kan abin da ke tsayar da mota a hanya.

Yanzu su wane ne suka shiga wannan suna? A Toyota akwai 2L, 3L da 5L na Hilux, da 1HZ mai silinda shida, lita 4.2. A Nissan akwai TD27, da kuma TD42 na Patrol. A Land Rover, 200Tdi da yawancin 300Tdi, kafin Td5 ya zo a 1998 da kwamfutarsa. A Amurka, Dodge Ram mai injin Cummins lita 5.9 mai bawul 12, daga 1989 zuwa farkon 1998, da Ford mai 6.9 da 7.3 na kafin injin Power Stroke mai kwamfuta.

Inda ake yawan faɗawa shi ne na tsakiya. Toyota tana ƙara harafin E a ƙarshen lambar inji idan lantarki ke sarrafa man: 5L-E, 2L-TE, 1KZ-TE. Daga nesa famfonsu kamar na 5L ne, bututu huɗu ke fita, amma kwamfuta ke yanke yawan man. Waɗannan injin kwamfuta ne, ko da an ce maka rabi da rabi ne. Saboda haka kada a tsaya ga shekara ko ga bakin mai sayarwa. A bi kebul ɗin totur da ido, a ga ko ya ƙare a kan hannun famfon. A dubi jikin famfon, waya ɗaya ko biyu ce, ko kuwa manyan soket ne masu tarin wayoyi. A karanta lambar da ke jikin injin, don sau da yawa an sauya shi.

Na fetur ma sunan ya ɗauke su, muddin kafireta ce. 22R injin sifana ne, 22R-E ba shi ba ne.

Ina roƙon kada sunan ya koma kirari, domin ba alkawarin lafiya ba ne. Injin sifana ba shi da gudu. 1HZ da duk girmansa ƙarfin doki wajen 130 ne. Yana da ƙara, yana da hayaƙi, kuma dokokin gurɓatar iska ne suka kore shi daga sababbin motoci a ƙasashe da yawa. Landan tun 2019 take cajin tsofaffin motocin gas da ke shiga tsakiyarta. Motar da ta haura shekara talatin kuma injinta ne abu na ƙarshe da zai ba ka tsoro. Shiga ƙarƙashinta da tocila ka ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen da sifirin na baya ke kamawa, don tsatsa daga ciki take ci. Tayar da ita da sanyin safiya, kafin kowa ya ɗumama ta. Buɗe murfin lagireto kafin inji ya yi zafi ka ga ko ruwan yana kumfa ko ya gauraye da baƙin mai. Tambayi yaushe aka sauya bel ɗin taimin a 3L, 5L da 1HZ, don idan ya tsinke bawul da fistin haɗuwa suke yi. TD42 da Cummins haƙoran giya ne, ba su da wannan damuwa. Sannan ka juya kullin tayoyin gaba, ka sa ogzilari babba da ƙarami a kan ƙasa ko yashi, ba a busasshiyar kwalta ba, ka ji ko suna shiga suna fita ba gardama.

Ga yadda kalmar ke zama a baki. "Hilux ce ta 1995, giyar hannu, ogzilari, injin sifana." "Wannan 5L-E ce, injin kwamfuta ne, ba da ita nake ba." "An cire mata na kwamfuta an ɗora na sifana." Duk sun shiga ba tare da an ja numfashi ba. Masu cewa sufana su rubuta yadda suke faɗa, abu guda ne. Manuwal kuma a bar wa akwatin giya abinsa.