Taki daga gona zuwa teku: shawarwarin manoman Garwa

A zaman da manoman auduga da masara suka yi da wani malamin gona a Garwa ta ƙasar Kamaru, magana ta tsaya kan takin da ruwan sama ke kwashewa. Malamin ya ce yuriya narkewa take ta bi ruwa, fosfaras kuwa manne wa ƙasa yake, sai zaizaya ta tafi da shi. Takin kan bi daga mayo, wato rafi, zuwa kogin Binuwai, a Lakwaja a haɗu da Neja, har tekun Gini. Mutanen Marwa nasu tafkin Chadi yake nufa. Inda ya taru gansakuka da kainuwa sukan haukace, in sun ruɓe su cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka kogin Misisipi ke yi wa tekun Meziko duk shekara.

Abin da aka fi jaddadawa: a raba yuriya kashi biyu, a binne ta gindin shuka, kada a watsa hadari na haɗowa. Wani dattijo ya ce a bar jema ko gamba bakin rafi, a ja kunya ta gicciye gangara. Nan aka yi gardama, don mai ƙaramar gona yana ƙyashin ko taku ɗaya. Ni dai ina bayan dattijon. Juji kuma a nisanta shi da mayo.