Idon bidiyo a kyamarar fim: yana cin hasken fim ko ba ya ci?

Ɗan koyo: Salamu alaikum manya. Za mu yi aiki da kyamarar Arriflex ta zaren fim mai faɗin milimita 16, kuma darakta ya dage sai an kunna ƙaramar kyamarar bidiyon nan da ke cikinta, don ya riƙa kallo a monita. Wani ya ce in ƙara buɗe lens, wai tana rage hasken da ke isa ga fim. Ku da kuka yi aiki da ita, me kuka gani?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Kada ka ƙara komai, ƙanena. Cire lens ɗin ka leƙa ciki, za ka ga madubi a karkace yana juyawa. Shi ne shata, wato abin da ke buɗe wa fim haske yana rufewa, tsarin da kamfanin Arri ya fito da shi tun 1937. Idan kana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa, shata kuma a digiri 180, rabin lokaci haske na wucewa kai tsaye zuwa fim, wato 1/48 na daƙiƙa. Sauran rabin madubi ya tare shi, ya jefa shi kan gilashi mai dishi-dishi da kake leƙawa. Daga wannan rabo na biyu ake gutsura wa bidiyo nata. Saboda haka idonka ake ci wa haske, fim ya riga ya karɓi nasa cif. Na sha wannan a ɗaukar dare, da kyamarar da ke raba hasken biyu daidai tsakanin ido da bidiyo: maleƙar, wato inda ake sa ido a leƙa, ta yi duhu har da ƙyar nake gane fokas, amma da aka wanke fim ya fito lafiya lau.

Mai mitar haske: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni abin da ke damuna monitar ce kanta. Yawancinsu suna ƙara wa hoto haske da kansu idan wuri ya yi duhu. A wani aiki darakta ya ga fuskar ɗan wasa tas a monita, ya ce a kashe fitila ɗaya. Na kai mita gaban fuskar, na nuna masa abin da ta karanta, ya ƙi. Da fim ya dawo daga wanki, inuwa ta toshe, hoton duk tsaki-tsaki, sai da aka sake tara mutane. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don zaren fim da tsada yake. Monita ta tsarin hoto ce da wasan 'yan wasa. Maganar haske, mita da ƙarfin fim ɗin da ka ɗora su ke da ita.

Mai Bolex: Ku bar mini gurbi kaɗan. Kyamarar Bolex H16 irin tawa ba ta da madubi mai juyawa. Gilashi ne kafaffe tsakanin lens da fim, yana ɗebe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken koyaushe. Shi ya sa nake sa mita a 1/80 na daƙiƙa maimakon 1/65. Da bidiyo ko babu, asarar ɗaya ce.

Ɗan koyo: Na gode ƙwarai. To me ya sa hoton monitar ke ƙyaftawa da zarar kyamara ta fara gudu?

Tsohon hannu: Madubin nan ne dai, bidiyo na ganin hoto ne kawai sa'ad da fim ba ya gani. Sababbin na'urori sun gyara ƙyaftawar, amma dokar na nan: walƙiya mai saurin gaske, irin ta bakin bindiga, in ka gan ta sarai a monita, mai yiwuwa fim bai kama ta ba, a sake ɗauka. Sannan in za ka janye idonka ka dogara da monita, rufe maleƙar tukuna. Haske na bi ta nan ya koma ciki ya dusashe fim, musamman idan rana na bayanka.