A yi wa yaran ƙauye alfarma a kimiyya

Abban Sadiq: Jama'a yau raina a ɓace yake wallahi. Ƙanwata tana SS3 a makarantar 'yan mata ta garinmu, injiniya take son zama, amma shekara biyu kenan ba su da malamin Physics, malamin lissafi ke leƙa musu in ya samu sarari. Jiya ta nuna min littafinta, ashe ko burette, bututun gilashin nan na awon ruwa a Chemistry, a allo aka zana musu suka kwafa, ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba, kuma a haka za ta shiga practical na WAEC da yaran birni. Ya kamata gwamnati ta yi wa yaran ƙauye alfarma ta ware musu gurbi a injiniyarin, in ba haka ba 'ya'yan masu kuɗi ne kaɗai za su yi ta shiga.

Maman Ilham: Alfarma kuma? Ƙanena gyara kalamanka, haƙƙinsu ne. Mu da bakinmu muke maida kanmu mabarata.

Injiniya Wudil: Anti ba haƙƙi ba ne ba alfarma ba ne, gada ba ta san daga ina ka fito ba, in ba ka iya lissafi ba rushewa za ta yi da mutane a kai. A bar cancanta ta yi aiki.

Maman Ilham: Kai da cancanta ka shiga ko da wanda ka sani? 😂

Injiniya Wudil: Anti ki ji tsoron Allah, maki na na JAMB yana nan in kina so in turo.

Malam Na Allo: Ku tsaya mana, abin da Abban Sadiq yake nema ai akwai shi tun tuni. Jami'o'in tarayya kashi 45 cancanta, kashi 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko, Kano da Jigawa suna ciki, har Ebonyi da Bayelsa ma suna ciki. Matsalar ita ce in yarinya ba ta da credit a Physics da Chemistry babu gurbin da zai ɗauke ta, ko ɗari bisa ɗari aka ware.

Ɗan Kasuwar Kwari: To ka ga alfarmar kenan, kashi 20 ɗin nan ita ta sa 'yan kudu suke mana gori kullum

Maman Ilham: Kun ji ko, shi ma alfarma yake ce mata.

Baba Tofa: Yaran nan ba ku san tarihi ba. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, jarrabawa ake yi a tsamo yara masu ƙwaƙwalwa ko ɗan waye, ni ɗan manomi ne da akwatin ƙarfe na je da garin kwaki a ciki, a can na fara ganin microscope har na ƙi matsawa in ba na bayana wuri. Je ka asibitocin Kano ka ƙirga likitocin da suka fito daga can. Babu wanda ya yi mana alfarma. Mata ma an buɗe musu ta Taura a 1981.

Ɗan Ringim: Baba da girmanka, Taura tamu ce ta Jigawa, a daina haɗawa.

Baba Tofa: Ɗana lokacin babu Jigawa, sai 1991 aka yanke ku.

Ɗan Ringim: Ba yanke mu aka yi ba, fita muka yi.

Jar Hula: Duk zagaye-zagaye kuke, wa ya kafa jami'ar kimiyya ta Wudil a 2001? wa ya tura ɗalibai 501 waje karo ilimi? Ku faɗi sunan Madugu mana ba zai ƙone muku baki ba

Ɗan Kasuwar Kwari: An fara. Ko maganar kunun tsamiya ake sai kun kawo Kwankwaso.

Injiniya Wudil: Kuma yanzu sunan Ɗangote jami'ar take ɗauke da shi, sai ka yi haƙuri.

Jar Hula: Suna fenti ne yallaɓai, ginin fa?

Hajiya Malama: Ni dai tambayata, in yarinyar ta gama injiniyan mijin zai bar ta ta hau gini da hular kwano cikin maza? Ajinmu mu huɗu ne mata, ni kaɗai nake aiki, shi ma koyarwa.

Ɗan Ringim: Hajiya shi ya sa likita ko nas ya fi musu.

Maman Ilham: Nas ɗin ma ba da Physics ake shiga ba? Kai dai ka koma Taurarku.

Abban Sadiq: Don Allah akwai wanda ya san mai koyar da Physics ko na Asabar da Lahadi ne, zan biya kuɗin mota?

Jar Hula: Har yanzu ba wanda ya amsa min 501 ɗin.

Baba Tofa: To a matsayina na admin bari in taƙaita. An yi ittifaƙi kalmar alfarma kuskure ce, Abban Sadiq ya janye ta. An kuma yarda mafita ita ce a koma tsarin 1977 irin wanda ya fitar da mu, musamman Dawakin Tofa don ko a lokacin mun fi 'yan Dawakin Kudu. Taura Kano ce ta gina ta. Maganar siyasa da ta miji ba wurinsu ba ne nan. Na rufe, mai ƙorafi ya same ni ta inbox.